Zuciyar ƙanwata ta kasa tashi bayan tiyata, an ɗora ta a kan ECMO: ina neman bayani

Babban Yaya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, domin kwana biyu ke nan ina jin kalmomin da ban san kansu ba, alhali ni ne wanda dangi suke jira ya yi musu bayani.

Ƙanwata mai shekara 27 ta daɗe tana fama da ciwon zuciya, wanda likitoci a Kano suka ce ya samo asali ne daga ciwon maƙogwaro da ta riƙa yi tun tana yarinya ba a magance shi yadda ya kamata ba. Bayan haihuwarta ta biyu abin ya tsananta, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashin kai uku, hoton zuciya kuma ya nuna bawul biyu, wato ƙofofin cikin zuciya masu hana jini komawa baya, sun lalace, na mitral da na awota. Muka haɗa abin da Allah ya hore mana, mijinta ya tafi da ita Indiya, ranar Talata aka shiga da ita tiyata aka sauya mata duka biyun da na ƙarfe.

Abin da mijinta ya faɗa mini shi ne, da aka gama aikin aka zo raba ta da injin da ya riƙe mata numfashi da jini, sai zuciyar ta gaza ɗaukar nauyin, aka ƙara magunguna, aka zura mata wani balan-balan ta matsematsi, sannan aka samu aka fito da ita. Cikin dare kuma awon jininta ya faɗi, fitsari ya tsaya, aka mayar da ita ɗakin tiyata aka haɗa ta da wani inji da suke kira ECMO, har yanzu ma ba a rufe ƙirjin ba. Mijinta ba ya jin Turanci sosai, tafintan da yake taimaka masa kuma ba ma'aikacin lafiya ba ne, saboda haka abin da yake iso mini guntu-guntu ne.

Shin wannan yana nufin aikin ya ɓaci ne? Mene ne bambancin balan-balan ɗin da wannan ECMO? Kwana nawa mutum zai iya yi a kansa? Kuma idan na samu magana da likitanta ta waya gobe, me ya kamata in tambaye shi? Mahaifiyarmu tana zaune a gefena a yanzu haka, ina so in faɗa mata gaskiya ba tare da na ƙara ko na rage ba.

Likitan Kulawa ta Musamman ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, ya ba Hajiya haƙuri da juriya. Ban ga ƙanwarka ba, don haka zan yi maka bayanin yanayin ne gaba ɗaya, hukunci a kanta kuwa yana hannun waɗanda suke tsaye a gefen gadonta.

Bari in fara da yadda ake aikin, domin daga nan matsalar take tasowa. Ba a iya ɗinka bawul a cikin zuciyar da take bugawa cike da jini, saboda haka ana karkatar da jinin mara lafiya zuwa injin zuciya da huhu, a matse babbar jijiyar awota, a ɗura wa zuciyar ruwa mai yawan sinadarin fotasiyom wanda zai tsayar da ita cak. Tun ranar 6 ga Mayu 1953, da John Gibbon ya yi nasarar amfani da irin wannan inji a birnin Filadelfiya na Amurka, a kan wannan hanya ake tafiya. Idan an gama ɗinki sai a saki awota, jini ya koma cikin naman zuciyar, ta farka, a riƙa rage aikin inji kaɗan-kaɗan har ta karɓi ragamar. Mafi yawan zukata suna karɓa. Kaɗan daga ciki sukan farka a galabaice, kamar mutumin da ya farfaɗo daga suma, ransa yana nan amma ƙafafunsa ba su ɗaukarsa tukuna. Naman zuciyar bai mutu ba, ya dai jigata da tsayawar da aka yi masa da kuma dawowar jini bayan yankewa, kuma irin wannan galabaita takan warware cikin kwanaki idan aka samu abin da zai riƙe jiki kafin nan. Sauya bawul biyu yana ɗaukar lokaci fiye da sauya ɗaya, zuciyar da ta yi shekaru tana kokawa da bawul marar kyau kuma dama ba da cikakken ƙarfi ta shiga ɗakin tiyata ba. A masu irin ciwon ƙanwarka akwai ƙari: toshewar bawul na mitral na tsawon shekaru yana ɗaga matsin jini a cikin huhu, ɓangaren dama na zuciya wanda ke tura jini zuwa huhun sai ya zama shi ne ya fi saurin durƙushewa.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce, kasa tashin zuciya ba ya nuna cewa aikin ya ɓaci. Amma wajibi ne likitoci su tabbatar, kuma ka tambaya ko sun tabbatar. Ana zura na'urar hoto ta maƙogwaro a duba ko sababbin bawul ɗin suna buɗewa da rufewa daidai, ko akwai yoyo a gefen ɗinki, ko jini ya taru a bayan zuciya yana matse ta, ko wata jijiyar da ke ciyar da naman zuciya ta samu matsala lokacin aikin. Duk waɗannan hannun likitan tiyata ne maganinsu, inji ba zai gyara su ba.

Zuciyar babban mutum tana tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti. Idan abin da take turawa ya gaza buƙatar jiki, ƙoda takan daina yin fitsari, hannu da ƙafa su yi sanyi, wani sinadari da muke kira laktet ya hau a cikin jini, alamar gaɓoɓi suna aiki ba tare da isasshiyar iskar oksijin ba. Matakin farko magunguna ne masu ƙara wa zuciya ƙarfi ko masu matse jijiyoyi, irin su adirenalin da dobutamin da milrinon da noradirenalin. Aibinsu shi ne bulala ce ake yi wa dokin da ya riga ya gaji: yana ƙara gudu, amma yana ƙara jigata. Idan aka ga ana ta ƙara su jiki kuma bai gyaru ba, lokacin inji ya yi.

Balan-balan ɗin shi ne mafi tsufa kuma mafi sauƙi. Adrian Kantrowitz ne ya fara amfani da shi a jikin mara lafiya a 1967 a birnin New York. Siririn balan-balan ne mai tsawo, yawanci yana ɗaukar kimanin mililita 40, ana zura shi ta jijiyar matsematsi har ya zauna a cikin awota a bayan ƙirji. Injinsa yana bin bugun zuciya: idan zuciya ta saki tana hutawa sai ya cika shi da iskar hiliyom, hakan ya tura jini cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, dab da za ta sake matsawa kuma sai ya zuƙe iskar, ya bar mata fili, ta tura jini ba tare da wahala sosai ba. Taimako ne na gaske, amma ƙarami ne, abin da yake ƙarawa bai cika wuce rabin lita a minti ba, kuma ba ya yi wa ɓangaren dama wani abin kirki. Mai tallafa wa zuciyar da ke aiki ne, ba ya maye gurbinta.

ECMO kuwa ɗan'uwan injin ɗakin tiyata ne, an ƙera shi yadda zai yi kwanaki yana aiki maimakon awanni. Babban bututu yana janyo jini daga ɓangaren dama na zuciya, famfo ya tura shi ta cikin wani akwati mai aikin huhu, inda ake cire masa gurɓatacciyar iska a sa masa oksijin, sannan wani bututun ya mayar da shi cikin awota. Yana iya tura lita 4 zuwa 5 a minti, wato kusan duk abin da jiki ke buƙata, kuma yana yin aikin ɓangaren dama da na hagu da huhu a lokaci guda. Tunda ka ce ƙirjinta a buɗe yake, mai yiwuwa kai tsaye aka haɗa bututun da zuciya da awota, ba ta matsematsi ba. Barin ƙirji a buɗe da gangan ake yi, an lulluɓe shi da shimfiɗa mai tsabta, domin zuciyar da ta kumbura ba ta son matsi, kuma idan jini ya ɓalle a samu shiga da sauri.

Abin da nake so ka riƙe, ka kuma faɗa wa Hajiya, shi ne ECMO ba ya warkar da zuciya. Yana ciyar da ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ne yayin da zuciyar take hutawa, warkewar kuwa daga zuciyar take fitowa da ikon Allah. Jirgin fito ne, kuma wanda ya shiga jirgin fito dole ya san gaɓar da zai sauka. Zuciyar da za ta farfaɗo yawanci takan nuna alama cikin kwana uku zuwa bakwai. Ana iya wuce haka a kan injin, amma kowace rana da aka ƙara tana zuwa da nata haɗarin.

Idan ka samu likitan, tambaye shi abin da suke ganin ya jawo gazawar, da ɓangaren da ya fi rauni, dama ko hagu. Tambaye shi ko laktet yana sauka kuma ko fitsari ya dawo, ko sun sassauta maganin barci sun ga ta motsa hannu da ƙafa duka biyu bisa umarni, da kuma ko bawul na awota yana buɗewa da kowane bugu. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai a wurin mai bawul na ƙarfe.

Mai Kula da Injin Zuciya ta amsa:

Yaya, sannu da wannan jarrabawa. Ni aikina shi ne zama a gaban irin waɗannan injuna, don haka zan ɗora a kan inda Likita ya tsaya, musamman maganar buɗewar bawul, domin kada ka ji ta a waya ka rasa dalilinta.

ECMO yana mayar da jini cikin awota da ƙarfi, zuciyar da ba ta da ƙarfi kuma dole ta rinjayi wannan matsin kafin ta buɗe bawul ɗinta ta fitar da abin da ke cikinta. Idan ta kasa, jini yakan taru a ɗakin hagu na zuciya, ya kumbura shi, ruwa ya koma huhu, jinin da ya tsaya wuri ɗaya kuma yakan daskare. Gudan jini a kan sabon bawul na ƙarfe babbar masifa ce, yana iya maƙale bawul ɗin ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa sau da yawa ba a cire balan-balan idan an sa ECMO, domin yana rage matsin da zuciya take fuskanta a daidai lokacin da za ta matsa. Wani lokaci akan ƙara ƙaramin bututu a ɓangaren hagu don ya riƙa zuƙe abin da ya taru, akan kuma bar ɗan maganin ƙarfafa zuciya ko a rage gudun injin kaɗan don zuciyar ta riƙa fitar da wani abu da kanta. Ka tambaya wanne suke yi a cikin waɗannan.

Babbar damuwarmu a kwanakin farko ita ce zubar jini. Jinin da ke bi ta roba yana son daskarewa, maganin hana daskarewa, wato hefarin, kuma yana sa raunin tiyata ya yi ta tsiyaya. Tsakanin waɗannan biyu muke tafiya dare da rana. Yawanci akan jinkirta hefarin bayan tiyata har sai jinin da ke fita ta robobin ƙirji ya ragu, sannan a fara shi a hankali ana awo kowane 'yan awanni. Kada mijinta ya firgita idan aka ce za a koma a wanke ƙirjin, ko aka yi ta ƙara mata jini da sauran abubuwan da ake tacewa daga jini, wannan sananne ne a wurin masu irin wannan hali. Amma ya tambaya tun yanzu ko asibitin yana buƙatar a kawo masu ba da jini a madadin wanda aka ƙara mata, domin baƙo a ƙasar mutane ba ya tara masu ba da jini a rana ɗaya.

Akwai abin da shi kansa zai iya lura da shi idan an bar shi ya shiga. Ƙafar da aka zura balan-balan ta cikinta tana iya samun ƙarancin jini, ma'aikatan jinya suna duba ta akai-akai, amma babu laifi ya dubi launinta ya kwatanta da ɗayar, ya faɗa idan ya ga ta yi fari ko ta yi duhu. Idan an ce za a fara wankin ƙoda, wannan ma yakan faru, sau da yawa ana haɗa injin wankin da ECMO ɗin ne kai tsaye, kuma ƙodar matashi takan dawo bayan makonni. Ya wanke hannu sosai kafin ya taɓa ta, ya kuma yi mata magana da Hausa a kunne ko da yana ganin barci take yi. Na sha ganin mara lafiyan da ya ƙi bin umarnin likita a harshen da bai saba ba, amma ya matse hannun ɗan'uwansa da ya kira sunansa, mu kuma wannan matsewar hannun shaida ce babba a kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Babban Yaya ya sake rubutawa:

Na gode, Likita, na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da likitan tiyatar na kusan minti goma. Ya ce bawul ɗin suna aiki daidai, ɓangaren dama ne ya fi gazawa, laktet ya sauko, fitsari kaɗan ne amma ya fara zuwa, kuma bawul na awota yana buɗewa. An bar balan-balan ɗin, ana kuma ba ta wata iska ta injin numfashi don sassauta jijiyoyin huhu.

Wani abokina ya turo mini labarin wata na'ura mai suna Impella, ya ce bincike ya nuna ta fi ECMO ceton rai, ya ce in matsa a sa mata ko nawa ne. Shin gaskiya ne? Sannan ina roƙon a faɗa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cikin waɗanda aka ɗora a kan ECMO bayan tiyata, nawa ne suke komawa gida?

Likitar Zuciya ta amsa:

Malam, amsoshin da ka samo masu kwantar da hankali ne gwargwadon hali, musamman saukar laktet da buɗewar bawul. Iskar da ake ba ta, bisa bayaninka, ita ce nitirik oksaid, kuma ta dace da matsalar ɓangaren dama.

Game da Impella, abokinka ya ji wani ɓangare na gaskiya. Ƙaramin famfo ne a bakin siririn bututu, ana zura shi ta awota ya ratsa bawul ya shiga ɗakin hagu, ya riƙa zuƙo jini daga can yana watsa shi cikin awota. A 2024 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka faro a Denmak, aka haɗa da Jamus da Ingila, a kan mutane kimanin 360 da zuciyarsu ta durƙushe sanadiyyar toshewar jijiyar zuciya. Bayan kwana 180, kusan kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa wa na'urar sun rasu, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 58, kodayake masu na'urar sun fi samun zubar jini da matsalar ƙafa da buƙatar wankin ƙoda. Amma ka lura da abu uku. Gwajin bai kwatanta Impella da ECMO ba, ya kwatanta ta ne da kulawar da aka saba. Waɗanda aka gwada ba masu tiyata ba ne. Na uku, wanda ya rufe maganar a wurin ƙanwarka, ba a ratsa bawul na ƙarfe da wannan na'ura, domin za ta hana shi rufewa ta kuma iya lalata shi. Ga shi kuma matsalarta ta fi yawa a dama, wannan samfurin kuwa na hagu ne. Ka bar kuɗinka, za a buƙace shi a gaba.

Haka nan za ka iya cin karo da gwaje-gwajen da Holger Thiele ya jagoranta a Jamus, na 2012 a kan balan-balan da mutum 600, da na 2023 a kan ECMO da mutum kimanin 420, waɗanda duka biyu ba su nuna raguwar mutuwa cikin kwana 30 ba. Su ma a kan masu toshewar jijiyar zuciya aka yi su. Wanda zuciyarsa ta kasa rabuwa da injin tiyata, ko ta durƙushe bayan an ƙure magunguna, yanayinsa dabam ne, domin idan ba a ɗora shi a kan inji ba babu wata hanya da ta rage masa, kuma babu likitan da zai yarda ya jefa ƙuri'a a kan irinsa don zaɓen a ɗora shi a kan inji ko kada a ɗora, kamar yadda ake yi a irin waɗannan gwaje-gwaje. Saboda haka abin da muka sani a wannan fanni ya fito ne daga tattara bayanan marasa lafiya da kuma matsayar masana, irin wadda ƙungiyoyin likitocin tiyatar zuciya na Turai da Amurka suka fitar a 2020.

Ga alƙaluman da ka nema. Cibiyar zuciya ta Leipzig a Jamus ta wallafa a 2010 cewa cikin manya fiye da 40,000 da aka yi wa tiyata, 517 ne suka buƙaci ECMO, an raba kimanin kashi 63 cikin 100 daga injin, amma kimanin kashi 25 ne suka bar asibiti da rai. Wani nazari da ya fito a 2023, wanda ya tattara mutum fiye da 2,000 daga cibiyoyi 34, ya nuna kimanin kashi 40 ne suka fita da rai, kuma mafi yawan waɗanda suka fita suna raye bayan shekara guda. Alƙaluma ne masu nauyi, ba zan sassauta maka su ba. Ka lura da tazarar da ke tsakanin rabuwa da inji da komawa gida, domin a nan ne ciwon ƙoda da ƙwayoyin cuta da shanyewar ɓarin jiki suke cin mutane, saboda haka ranar da aka cire ECMO ranar godiya ce, amma kada a sanar da dangi cewa an gama. A ɗaya gefen, matsakaicin shekarun waɗanda aka ƙirga ya haura 60, da yawansu suna da ciwon sukari da lalacewar jijiyoyi, kuma tsufa yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗari. Mai shekara 27 da aka ɗora a kan inji cikin 'yan awanni, kafin zuciyarta ta tsaya kuma kafin hanta ta lalace, tana cikin rukunin da ya fi kyakkyawan zato.

Wuri ɗaya ne zan ƙara nauyi a kan abin da abokin aikina ya faɗa, wato maganar gaɓar sauka. A Amurka ko Jamus, idan zuciya ba ta farfaɗo ba, akwai famfon da ake dasawa a jiki na dogon lokaci, akwai kuma dashen zuciya. Tunanin ma tsoho ne: a 1966 Michael DeBakey a Houston ya riƙe wata mata da famfo na kwana 10 bayan tiyatar bawul har zuciyarta ta dawo ta koma gida. Amma ga 'yar Kano da ke kwance a Indiya, waɗannan ƙofofi ƙunci gare su. Ƙa'idar rabon zuciyar mamaci a can tana fifita 'yan ƙasa a kan baƙi, famfon dogon lokaci kuma yana aiki da batir, yana buƙatar wutar da ba ta yankewa da asibitin da ya san shi a kusa, kuma ɓangaren hagu aka fi ƙera shi dominsa. Don haka ina ba ka shawara ka tambayi likitan tun yau me suka tsara idan aka kai kwana bakwai babu canji, ku ji amsar ku da mijinta kuna cikin natsuwa. Idan ɓangaren hagu ya dawo dama ya rage, ana iya sauya ECMO da famfo na wucin gadi mai tallafa wa dama kaɗai, wanda ya fi sauƙin ɗauka na tsawon kwanaki.

Badamagare ya amsa:

Ɗan'uwa, ni ba likita ba ne, amma na yi jinyar mahaifina a wani asibiti a Tunisiya bayan an yi masa aikin jijiyoyin zuciya, ya yi kwana biyar a kan wannan inji, Allah ya yi masa rasuwa mako biyu bayan an cire shi, sanadiyyar ƙwayoyin cuta da suka shiga jininsa. Abin da Likita ta faɗa game da kada a yi saurin shelar an gama, ni na yi wannan kuskuren, kuma sanar da dangi labari na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba.

Abu biyu zan ba ka daga abin da na gani. Ku nemi ofishin kuɗi na asibitin ya rubuta muku abin da kowace rana a kan injin take ci, domin kuɗin da aka yanka muku na tiyata tun kuna gida da wuya ya haɗa da wannan, kuma gara ku fara neman taimako yau da a tare ku da lissafi ranar sallama. Sannan ku tsayar da lokaci guda a kowace rana da za a haɗa ka da likita a waya kai tsaye, ka riƙa rubuta lambobin da ya faɗa a littafi: gudun injin, laktet, yawan fitsari, yawan jinin da ya fita. Da na fara yin haka ne na daina dogaro da fuskar ma'aikata don gane ko an ci gaba ko an koma baya. Allah ya tashi kafaɗunta, ya raya mata 'ya'yanta a gabanta.

Babban Yaya ya sake rubutawa:

Amin, na gode, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Na fara rubutawa a littafi kamar yadda ka ce.

Yau kwana huɗu ke nan a kan injin. Jiya an shiga an wanke ƙirjin, an ƙara mata jini leda biyu, an kuma fara wankin ƙoda. Da aka sassauta maganin barci mijinta ya kira ta da sunan da mahaifiyarmu take kiranta da shi, ta buɗe ido, ta matse hannunsa da dama da hagu. Da safiyar nan sun rage gudun injin daga lita 4 zuwa 2.5 suna kallon zuciyar a hoto, awon jini bai faɗi ba, amma likitan ya ce ɓangaren dama bai gamsar da shi ba tukuna, saboda haka sun mayar da shi 3, za su sake gwadawa gobe. Na yi masa tambayar kwana bakwai, ya ce famfon dama kaɗai shi ne abin da suke tunani idan ta kai ga haka, kuma suna da shi a asibitin.

Malama mai kula da inji, idan gwajin gobe ya yi kyau, shin a rana ɗaya ake cire ECMO da balan-balan a kuma rufe ƙirjin, ko ɗaya bayan ɗaya ake yi? Ina so in san abin da zan shirya wa Hajiya kafin wayar gobe.